Idon Hagun Gidanmu

A gidanmu idon hagu ba ya zama wuri ɗaya. Idan Baba yana yi maka magana, na dama yana kanka, na hagu kuwa ya zame gefe yana sha'aninsa. Haka na ga kakana na wajen uba kafin ya rasu, haka Baba yake, haka ni ma. Yara a makaranta sun kira ni harara-garke har suka gaji suka bari, amma a gida ba a taɓa ɗaukar abin ciwo ba, abin taƙama ne ma. Duk jaririn da aka haifa a dangi sai tsofaffin mata sun riƙa leƙen fuskarsa, ranar da suka ga idon ya zame sai su ce, "Wannan ba tambaya, ɗan gida ne." A ƙauyenmu da ke ƙasar Falanko, ko baƙo ne ya tarar da ni a bakin rijiya ya san ɗiyar wane ce ni.

Da na yi haihuwar fari, mace, ba ta cika shekara ba idon ya zame. Baba ya yi murna har ya ba ta 'yar akuya. Da aka yaye ta Inna ta zo ta goya ta ta tafi da ita, yadda aka saba, don ɗan fari na kaka ne. Ni uwa ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, in ta faɗi ta fasa baki a gabana sai in kau da kai wani ya ɗaga ta. Ita kuma Yaya take ce mini. Na yi karatu har Damagaram, ina koyarwa a makarantar garinmu, amma kunyar ɗan fari ba ruwanta da takardar kowa. Mijina direba ne a hanyar Agadas, rabin wata ba ya gida, kuma tsakanin gidansa da na iyayena darni ne kawai da 'yar hanya. Kullum ina ganin yarinyar, kullum ina yin kamar ban gan ta ba. Na ƙware a wannan, don mai ido irin namu ba a sanin inda yake kallo.

Tana cikin shekara ta biyar yanar ido ta fara rufe idon Baba na dama. Da fari ya ɗora laifin a kan hayaƙin murhun Inna. Daga baya ya kwance jakin wani a kasuwa ya taho da shi gida, mai jaki na biye da shi yana rantse-rantse. Kafin damina ta ƙare ya daina zuwa gona, ya koma laluben bango. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne idonsa na hagu garau yake, baƙi wuluk, ba yana ba ja.

Na ce, "Baba, ka duba da ɗayan mana."

Ya ce, "Wannan? Ai tun da nake bai taɓa yi mini aiki ba."

Na zagaya bayan ɗaki na rufe idona na dama da tafin hannu. Na daɗe da sanin ba ƙarfinsu ɗaya ba, amma ban taɓa tsayawa na gwada ba, don mai ido biyu a fuska ba ya zama yana ƙidayarsu. Na ga haske, na ga duhun bakin ƙofa, na ga wani abu fari jingine da bango wanda na san buhu ne. Manyan haruffan da ke jikin buhun kuwa ko ɗaya ban iya karantawa ba. Na sauke hannuna, ban gaya wa kowa ba.

Bayan kaka aka yi shela a rediyo cewa likitocin ido za su zo asibitin Tanut su yi aikin yana. Muka tafi ni da Baba da Inna, da yarinyar, tunda Inna ba ta taka ko'ina sai da ita. Aka yi wa Baba aiki aka naɗe idon da bandeji, aka ce sai gobe. Yana zaune a inuwar itacen bedi a harabar asibiti, idon hagu a buɗe tarwai, Inna ta damo fura ta kawo masa ta durƙusa a gabansa. Ya ɗaga kai ya dube ta ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Wace ce?" Matar da suka tsufa tare. Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya, Inna ma ta yi. Ni ban ga abin dariya ba.

Washegari aka kwance, Baba ya ga duniya, ya yi ta sa wa kowa albarka har mai shara. Likitar da ta yi aikin Badamagariya ce, gajeriya mai saurin magana. Na tambaye ta ko za a iya yi wa na hagun ma. Ta haska shi da 'yar fitilarta ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ba abin da zan cire. Idon nan lafiyarsa lau." Ta dubi fuskata, ta dubi yarinyar da ke maƙale a bayan zanen Inna, ta ajiye fitilar.

Ta ce mini, "Ɗiyarki ce?"

Na sunkuyar da kai. Inna ta ce, "Tawa ce."

Likita ta yi murmushi, ta gane. Ta juya kujerarta wajen Inna ta yi mata bayani, amma da ƙarfi, yadda zan ji. Ta ce ido shi kaɗai ba ya gani. Haske yake karɓa ya aika ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya, kuma can ne ake ganin. Jariri yana zuwa duniya ƙwaƙwalwarsa ba ta iya gani sosai ba, koya take yi a shekarun farko. Ƙwayoyinta suna miƙa wa juna 'yan zaruruwa, wanda ake aiki da shi kullum ya yi kauri, wanda aka bari ya shanye. To idan ido ɗaya ya karkace, hoto biyu ne ke isa gare ta waɗanda ba su dace da juna ba. Ita kuwa ba ta son ruɗu, sai ta kama ɗaya ta daina sauraron ɗayan.

Ta ce, "Inna, kin san akuyar da ta haifi tagwaye, ɗaya ya fi ƙarfi yana ture ɗan'uwansa daga nono. In kina son ƙaramin ya rayu, wa kike ɗaurewa?"

Inna ta ce, "Babban."

"To haka za a yi. Za ta sa tabarau, sannan kullum a rufe idon dama daga safe zuwa azahar, ta yi ta aikin da ke son kallo na kusa, dole ƙwaƙwalwa ta koma wa na hagun. Amma abin yana da lokaci. Daga shekara bakwai, takwas, ƙwaƙwalwa tana fara tsayawa a kan abin da ta koya na gani. Na Baba ya wuce tuntuni, na malama ma haka. Na wannan bai wuce ba tukuna."

Inna ta yi ta gyaɗa kai tana cewa to, to. Na san wannan "to" ɗin nata, da ita take sallamar masu talla.

Muka je Damagaram wurin likitar aka gwada mata ido da tabarau. Na samu baƙin ƙyalle mai kauri na ɗinka 'yar jaka da za a zura wa gilashi ɗaya, da leɓe a gefe don kada ta leƙa. Na kai wa Inna na ce, "Ga wannan, na yarinyarki." Iyakar abin da bakina zai iya faɗa ke nan.

Kwanakin farko ba su yi daɗi ba. Ta cikin darni nake jin kukanta, ina jin ta yi karo da turmi, ta kifar da kwanon koko, tana roƙon Inna ta cire mata. Sai in ɗauki jakata in wuce makaranta zuciyata na suya, in huce a kan 'ya'yan mutane da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ana nan sai kukan ya ɗauke. Da safe in na gifta ƙofar gidan sai in hango ta zaune tana karyawa, ƙyalle a dama, shiru abinta. Na gode wa Allah na ce ta saba.

Bayan 'yan watanni muka koma wurin likita. Ta rufe mata idon dama ta nuna mata allon gwaji, mai alamu manya a sama suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Yarinya ta tsaya daidai inda ta tsaya ran farko, ko layi ɗaya ba ta ƙara ba. Likita ta ce, "Ana rufewa kuwa?" Inna ta ce, "Kullum. Ko ran sallah ban fasa ba." Likita ta ce mu ƙara ƙoƙari, yarinya ta doshi shida. A mota muna komowa na yi ta satar kallon yarinyar har Tanut. Tsoro ne ya kama ni, na ga ɗiyata ta tsufa tana zaune a wata inuwa tana tambayar 'ya'yanta ko su wane ne.

Ajina na zana ne, kamar yawancin azuzuwan ƙauyukanmu. Wata rana da hantsi guguwa ta zo ta yaye rufin ta jefa shi gonar maƙwabta, mushe direkta, yadda muke kiran shugaban makaranta da Faransanci, ya ce a sallami yara. Na biyo ta gidan iyayena don in sha ruwa. Ina yin sallama sai ga yarinyar ta fito da gudu tana korar 'yan tsaki, ta tsallake tukunya, ta kauce wa igiyar akuya ko taɓa ta ba ta yi ba. Na tsaya na dube ta da kyau. Ƙyallen yana kan idon hagu.

Inna tana daka. Ta ga na gani, ba ta ko ji nauyi ba. Ta ce, "Tun da nake ban taɓa ganin an ɗaure ƙafa mai lahiya an bar mai ciwo a waje ba. Mai ciwo ake lulluɓewa ya huta. Likitar nan yarinya ce, ta juya maganar."

"Inna, ke da bakinki kika ce babban ake ɗaurewa."

"Wannan akuya ce. Wannan kuwa mutum ce, tana kuka."

Ashe kullum sai ta jira na wuce, ta mayar da ƙyallen ɗaya gefen, ta rambaɗa wa idon kwalli, ta shafa masa rubutu, ta rufe shi ya huta. Da zuciya ɗaya take yi. Watanni tana taya ƙwaƙwalwar yarinya manta idon da muke son ta tuna.

Ni mai zuciya ce, duk garin an sani, amma ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ran nan. Na ce, "Inna, ɗiyata ce. Ni na haife ta, kuma ba za ta makance ina kallo ba." Na juya na kira yarinyar da sunanta na yanka, karo na farko tun da aka raɗa mata shi. Ta tsaya cak tana waige-waige, tana neman wanda ya kira ta, don ba ta san sunan da muryata ba. Na jawo ta na mayar da ƙyallen dama. Inna ta jingine taɓarya a hankali ta shige ɗaki.

Darni ba ya riƙe magana. Kafin la'asar labari ya kai rijiya cewa malama ta zubar da kunya, boko ya gama da ita. Wata gwaggona ta tako takanas ta zo ta tambaye ni ko aljanu ne. Ban yi nadama ba, kuma har yau ban yi ba, amma faɗan bai gyara komai ba. Da yamma Inna ta ƙulle kayan yarinyar a ɗankwali ta ajiye a bakin ƙofa, ta aiko a ce in zo in ɗauki abata. Yarinyar ta rungume ƙafar Inna tana ihu, ba ta san wata uwa ba sai ita. In na ɗauke ta na raba ta da ranta, kuma da safe ina makaranta, wa zai tsare ta? In na bar ta, ido ya tafi.

Baba ne ya dawo daga masallaci ya tarar da ƙullin. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya ɗauka ya mayar ɗakin Inna, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ranar da kika kawo mini hura a Tanut ban gane ki ba, dariya kika yi. Ni ko da na ji muryarki na san ke ce, kuka na so yi, kunyar mutane ta hana ni." Ya wuce turakarsa.

Washegari da safe ya shimfiɗa tabarma a gindin bedin tsakar gida, ya jawo buhun gyaɗar iri da faifai biyu. Ya sassauto rawaninsa ya rufe idonsa na dama, wanda aka sha wahala aka gyara masa, ya ɗaure tam. Ya ce, "Amarya, zo ki taya mijinki aiki. Yau ni da ke duk makahi ne." Haka yake tsokanarta tun tana goye, ita kuma ta ce ba ta auren tsoho mara haƙora. Ta zo tana tura baki, ya zura mata ƙyallen a dama da hannunsa. Sharaɗin wasan shi ne kowa ya ɓare, ya ware mai kyau daga motsattsiya da wadda ƙwaro ya huda, ba a yarda a tantance da yatsa ba, sai da ido. Wanda faifansa ya fi tsabta shi ke da ƙuli-ƙuli.

Inna ba ta taɓa cewa ta yarda ba, ba halinta ba ne. Kwana biyu ta yi ba ta amsa gaisuwata. A rana ta uku ina wucewa na ga ita ce ke zura ƙyallen, a dama, tana yi tana harare-harare. Ta gama ta juya musu baya ta kama tankaɗe, don kada ta ga yarinyar tana lalube.

Da fari duk su biyun ɓarna suke yi. Inna ce ke bi da yamma tana sake tsince faifan tana mita, wai an haɗa mata makafi biyu za su sa a shuka ruɓaɓɓen iri a bana. Yarinyar takan kai gyaɗar har kan hancinta tana juyawa, ta gaji ta yi jifa da ita ta fashe da kuka, Baba ya lallashe ta da tatsuniya ko da rana ce, wai makaho bai san dare da rana ba. Da gyaɗa ta ƙare suka koma tsintar tsakuwa a wake, daga nan zura duwatsun wuya a zare. Ni dai nawa ɗinkin sabon ƙyalle in wancan ya yage, da tambayar Baba a fakaice, "Yaya aikin gyaɗa?" Shi kuma ya ce, "Abokiyar aikina tana nan tana zagina."

Sannu a hankali faifai biyun suka fara bambanta. Nata yana ƙara tsabta, nasa yana nan jiya i yau. Ta daina kai abu kan hanci. Ta daina karo da turmi. Wata Asabar ina zaune a ƙofar ɗakin Inna ina tsefe kai, ina satar kallonsu, sai na ga Baba ya sa ɗan yatsa ya ɗaga gefen rawani kaɗan, don ya gaji da shan kaye. Tana can ƙarshen tabarma, ta ɗago kai ta ce, "Tsoho, kana leƙe. Ga idonka nan yana ƙyalli." Tazarar da ke tsakaninsu ta fi tsawon mutum, kuma kafar ba ta kai faɗin yatsa ba. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce an kama ɓarawo. Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin gashina don kada a ga fuskata, farin ciki ya cika ni.

Ni ma na gwada, in faɗi gaskiya. Nakan kulle ɗaki bayan azahar in rufe idona na dama in ɗauki littafin 'yan aji ɗaya, mai haruffa manya-manya. Na yi makonni ina yi. Ciwon kai kawai na samu. Na bincika a waya na karanta abin da zan iya fahimta, na ga ƙwaƙwalwar babba ba ta daina koyo, shi ya sa Baba ya iya latsa waya da furfurarsa, amma wannan koyon na gani yana son a yi shi tun tana ɗanya. Na yi baƙin ciki, har na ji wani abu kamar kishin ɗiyata, na yi istigfari. Ba wanda zan ɗora wa laifi. Iyayena ba su sani ba, nasu iyayen ba su sani ba, kowa ya ga alamar gida ya yi murna. Abin da na iya yi shi ne na fara gwada 'yan ajina a farkon shekara, kowa ya rufe ido ɗaya da hannu ya faɗi abin da ke kan allo, sannan ya rufe ɗayan. Na kuwa samu waɗanda na aika iyayensu Tanut.

Da muka sake komawa Damagaram, yarinyar ta bi allon gwajin tana saukowa layi bayan layi, har likita ta ajiye sandarta ta tafa mata. Ta ce a rage lokacin rufewa sannu-sannu, kada a yanke gaba ɗaya. Da tabarau idon ya ɗan miƙe, ko da yake in ta gaji yakan zame. Tsofaffin matan dangi ba su ji daɗi ba, suka ce an ɓata wa yarinya alamar gida, yanzu da me za a gane ta? Baba ya ce da bakinta, shi ma na gado ne.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Allon likita daban, duniya daban. Ɗaki ne mai sanyi, ana lallashinta, ana ba ta alewa. Na kasa tabbatar wa kaina cewa in wata rana na dama ya gaza, na hagun zai ɗauki kayan.

A shekararta ta biyu a makaranta ta faɗo ajina. Lokacin kaka ne, ana shigar da hatsi rumbu. Da sassafe ta je leƙen ƙarƙashin rumbun Baba, inda ba a aike ta ba, rina ta harbe ta a fatar idon dama. Kafin a gama karin kumallo idon ya kumbura ya rufe ruf, ko tsaga babu. Ni ban sani ba, na riga na tafi. Inna ta shafa mata magani ta ce ta kwanta, ita kuwa ta ce sai ta je makaranta, don ranar ce ake karatu a kan allo kuma ta yi alkawarin kayar da wata ƙawarta. Taurin kai ta gada, ba sai na faɗi daga ina ba.

Na riga na cika allo da gajerun jimloli, yara suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna karantawa, sai ga su a bakin ƙofa. Inna ce ta rako ta, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ga fuskar, rabi a kumbure yana sheƙi, tabarau a karkace a kai. Inna ta ce, "Rina ce, ba komai." Yara suka fara ƙus-ƙus suna dariya, na buga sanda a tebur suka yi tsit. Yarinyar ta wuce wurin zamanta a layin baya, don doguwa ce. Inna ba ta tafi ba, ta tsaya a jikin zana ta riƙe haɓa.

Malamar kirki da ta dawo da ita layin gaba, ko ta ce yau an yafe mata. Ban yi ko ɗaya ba. Na ci gaba da kiran yara bi da bi, ban ma jin abin da suke karantawa. Da layi ya zo kanta na nuna ta da sanda na ce, "Ke."

Ta miƙe. Ta gyara tabarau, ta ɗan karkata kai. Ajin ya yi shiru har ana jin jaki yana kuka a bayan gari. Ta fara jimlar farko a hankali, tana haɗa gaɓa da gaɓa, ta kai ƙarshe. Ta shiga ta biyu ban sa ta ba. A ta uku ta yi tuntuɓe a wata kalma, ta tsaya, zuciyata ta tsaya tare da ita, sai ta koma baya ta gyara da kanta, ashe kalmar ce mai wuya. Ta gama allon duka, ta dube ni da ido ɗaya ta ce, "Madam, in zauna?"

Na ce, "Tsaya."

Na ɗauki alli na je can ƙasan allo na rubuta wani layi da ƙananan haruffa, irin waɗanda ba a rubuta wa yara masu shekarunta. Na koma gefe. Ta ɗan runtse, ta karanta shi tun daga farko har ƙarshe, ko harafi ba ta ci ba.

Inna ba ta san boko ba, ko baƙi ɗaya. Daga bakin ƙofa ta ce mini, "Daidai ta faɗa?"

Na ce, "Daidai, Inna."

"Da wancan idon?"

"Da shi."

Ta saki haɓarta, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa a tsakiyar makarantar gwamnati da hantsi tsaka. Yaran ajina suka ɗauki tafi ba su ma san na mene ne ba, na sauran azuzuwa suka leƙo ta kafofin zana. Direkta ya fito da sauri, alli a hannu, yana tambaya lafiya, me ya faru, wa aka haifa.

Inna ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Ba komai, mushe. Yarinya ce take gani."